Wai Farautar Mayu Ce? Shari'ar Fadawan Shugaban Amurka

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a rediyo da jaridu, har ta iso majalisun hira na garuruwanmu. Wai binciken da aka yi wa mutanen Shugaba Donald Trump na Amurka daga 2017 zuwa 2019 ba shari'a ba ce, farautar mayu ce, watau bi-ta-da-ƙulli. Shi Trump ɗin ne ya raɗa masa wannan suna, ya yi ta nanatawa safe da yamma har waɗansu suka haddace, suka ɗauka gaskiya ce saboda yawan faɗa. Mu ba mu yarda ba. Ba kuwa don muna da wata jam'iyya da mu ke so a Amurka ba, gama ba mu da ƙuri'a a can, ba mu da gona. Abin da ya sa muka tsoma baki shi ne, hujjar da a ke kafawa mai haɗari ce. In ta zauna da gindinta a ƙasar da ke koya wa duniya karatun bin doka, to, babu mai mulkin da zai rasa inuwar fakewa ranar da aka kama yaronsa da hannu dumu-dumu.

Bari mu fara da abin da ya faru, kada a ce mun yi gini ba tushe.

A 2016 aka yi zaɓe a Amurka, Trump ya ci. Tun kafin a jefa ƙuri'a hukumar FBI, watau 'yan sandan ciki na ƙasar, ta fara bin sawun waɗansu mutanensa, domin an ga hannun Rasha cikin zaɓen. An kutsa cikin kwamfutocin jam'iyyar Dimokurat, an kwashe wasiƙunsu an watsa wa duniya. Ran 9 ga Mayu 1917 ba mu ce ba, ran 9 ga Mayu 2017, jiya jiyan nan, Trump ya kori shugaban FBI, James Comey, ana tsakiyar bincike. Ministan Shari'a, Jeff Sessions, ya riga ya tsame hannunsa tun watan Maris, don shi kansa yana cikin waɗanda suka yi wa Trump yaƙin zaɓe, ba ya yiwuwa ya yi alƙalanci cikin shari'ar gidansu. Sai nauyi ya faɗa kan mataimakinsa, Rod Rosenstein. Kwana 8 bayan korar Comey, ran 17 ga Mayu, Rosenstein ya naɗa Robert Mueller mai bincike na musamman.

To, ku da ku ke cewa maƙiya ne suka ƙulla, ku dubi mutanen nan da kyau. Rosenstein Trump ne ya naɗa shi da hannunsa. Mueller ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, jam'iyyar Trump, tsohon soja wanda ya yi yaƙin Biyetnam, Shugaba Bush ƙarami ne ya ba shi FBI a 2001, ya riƙe ta shekara 12. A lokacin nan jam'iyyar Trump ce ke da rinjaye a Majalisar Wakilai da ta Dattawa duka biyu. 'Yan hamayya ba su da ikon naɗa ko masinja a Ma'aikatar Shari'a. In har farauta ce, 'yan gida ne suka saki karnuka.

Cikin wata 22 Mueller ya tuhumi mutum 34 da kamfani 3. Daga ciki 26 Rashawa ne, waɗanda hannu bai kai gare su ba. Amma waɗanda hannu ya kai gare su ba ƙananan mutane ba ne. Janar Michael Flynn, mai ba Shugaba shawara kan tsaron ƙasa, wanda kwana 24 kaɗai ya yi bisa kujerar, ya tsaya gaban alƙali ran 1 ga Disamba 2017 ya amsa da bakinsa cewa ya yi wa FBI ƙarya game da zancensa da jakadan Rasha. George Papadopoulos ya amsa irin wannan laifi. Rick Gates, mataimakin shugaban yaƙin zaɓe, ya amsa. Michael Cohen, lauyan Trump na ƙashin kansa, ya amsa laifi 8 a Niyok, daga baya ya ƙara da na yi wa Majalisa ƙarya, aka ɗaure shi shekara 3. Roger Stone, abokin Trump na shekaru da yawa, aka same shi da laifi 7, har da yi wa Majalisa ƙarya da tsorata mai shaida. Sai babban kifin, Paul Manafort, wanda ya shugabanci yaƙin zaɓen Trump a tsakiyar 2016.

Wannan Manafort ba baƙo ba ne gare mu mutanen Afirka. Kamfanin da suka kafa da Stone a 1980 shi ne ya yi wa Mobutu na Zayar da Savimbi na Angola da Marcos na Filifin aikin wanke suna a birnin Washinton, har gwamnatin soja ta Nijeriya ta taɓa shiga cikin masu biyansa. Daga baya ya koma yi wa Yanukovych na Yukren, mutumin Rasha, irin wannan aiki, ya samu miliyoyin daloli, ya ɓoye su a bankunan ƙasashen waje, bai biya haraji ba. A gaban kotu aka fito da lissafin kayan jikinsa, har da wata riga ta fatar jimina ta dala 15,000. Ran 21 ga Agusta 2018 masu taya alƙali yanke hukunci, talakawan gari mutum 12, suka same shi da laifi 8 na cin haraji da yaudarar banki. Ɗaya daga cikinsu, wata mace, ta fito daga baya ta faɗa wa duniya cewa ita mai ƙaunar Trump ce, ta so a ce Manafort ba shi da laifi, amma takardun da aka shimfiɗa mata sun fi ƙarfin son ranta. Ita ma mafarauciyar mayu ce? Hukuncinsa a kotu biyu ya tashi shekara 7 da rabi.

Masu kare fadawa suna da lauyoyi masu ilmi, ba mu raina su ba. Hujjarsu ta fari ita ce wai naɗin Mueller tun daga tushe haramtacce ne. Tsarin mulkin Amurka ya raba ma'aikatan gwamnati gida biyu. Manya, Shugaba ke zaɓarsu, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ƙanana kuwa, Majalisa tana iya ba ministoci ikon naɗa su. Wani malamin shari'a, Steven Calabresi, da waɗansu irinsa suka ce mutumin da ke da ikon kama aminan Shugaba ba ƙaramin ma'aikaci ba ne, tun da kuwa Majalisar Dattawa ba ta tabbatar da Mueller ba, duk abin da ya yi banza ne. Magana ce mai daɗin ji. Amma an kai ta kotu, ba sau ɗaya ba. Alƙali Dabney Friedrich, wadda Trump ne ya naɗa ta, ta saurare ta a watan Agusta 2018, ta auna, ta ƙi karɓa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta saurare ta a watan Fabrairu 2019, alƙalai 3 baki ɗaya suka ce Mueller ƙaramin ma'aikaci ne, gama yana da maigida bisa kansa, Rosenstein, wanda ke iya hana shi abin da ya ga bai dace ba. Suka kuma dogara ga abin da Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1974, cewa Ministan Shari'a yana da ikon naɗa masu taimaka masa irin wannan.

Gaskiya ne a watan Yuli 2024 wata alƙali a Fulorida, Aileen Cannon, ita ma naɗin Trump, ta karɓi irin wannan hujja, ta kori ƙarar da wani mai bincike, Jack Smith, ya shigar kan Trump kansa. An ɗaukaka ƙara, amma kafin kotun sama ta ce uffan Trump ya sake cin zaɓe, aka janye. Saboda haka hukuncinta bai sha gwaji ba, bai kuwa shafe hukuncin kotun Washinton ba. Sa'an nan ga tambaya. A watan Oktoba 2020 Ministan Shari'a na Trump, William Barr, ya naɗa John Durham mai bincike na musamman don ya binciki masu binciken, da waɗannan ayoyin doka guda da aka naɗa Mueller. Za su ce ai Durham Majalisar Dattawa ta taɓa tabbatar da shi a wani muƙami. To, ya ajiye wancan muƙamin a farkon 2021, ya ci gaba da bincike har 2023, ba mu ji ɗayansu ya yi tari ba. Ashe dokar tana da kyau in ta fuskanci gidan maƙwabci.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi, mu kuwa za mu daɗe a kanta. Suka ce, an aiki Mueller ya binciki hannun Rasha a zaɓen 2016, me ya kai shi ga harajin Manafort na shekarun baya? Ba neman laifi ke nan ba? Alƙalin da ya yi shari'ar Manafort a Bajiniya, T. S. Ellis, tsoho mai kaifin baki wanda Shugaba Reagan ya naɗa, shi kansa ya faɗa wa lauyoyin Mueller a watan Mayu 2018 cewa ba yaudarar bankin ce ta dame su ba, so su ke su matse mutumin har ya tona asirin Trump. Magoya bayan Trump suka yi ta guɗa, shi ma ya karanta maganar a gaban taro. Amma ba su faɗa muku ƙarshen labarin ba. Bayan makonni kaɗan wannan alƙali da bakinsa ya yanke hukunci cewa Mueller bai ƙetare iyakarsa ba, a ci gaba da shari'a. Dalili kuwa a fili ya ke. Takardar naɗin Mueller ta ba shi ikon bin duk al'amarin da ya ɓullo kai tsaye daga binciken, kuma ran 2 ga Agusta 2017 Rosenstein ya rubuta masa wata takarda ya ambaci kuɗin Yukren da sunansa. Wanda aka aika ya gano ko Rasha tana da igiya a wuyan mutanen ɗan takara, ina zai fara dubawa in ba aljihun wanda ya shekara goma yana cin kuɗin mutanen Rasha ba?

Mu ba mu musa cewa an matsa wa Manafort don ya yi magana ba. An matsa masa. Haka a ke yi wa kowane mai laifi a Amurka, a kama ƙarami a rage masa hukunci in ya nuna babba. Da wannan dabara a ke kama masu fataucin ƙwaya da 'yan fashi kowace rana, talakawa dubbai suna kurkuku ta wannan hanya, ba mu taɓa jin Fadar Shugaba ta zubar musu da hawaye ba. In dabarar mugu ce, a soke ta ga kowa, mu ma za mu sa hannu. Amma a ce tana da kyau ga ɗan talaka, ranar da ta taɓa mai rigar jimina sai ta zama zalunci, wannan ba kishin shari'a ba ne. Abin tambaya ɗaya ne, ya ci harajin ko bai ci ba? Ya ci. Shi da kansa a watan Satumba 2018 ya amsa waɗansu laifuffukan a kotun Washinton. Kasancewarsa na kusa da Shugaba shi ya jawo ido kansa, ba shakka, amma ido bai ƙirƙiri asusun da ke bankin Kubrus ba. Wanda ya san yana da kaza a aljihu, me ya kai shi tsakiyar kasuwa inda a ke cewa as?

Akwai haɗari na gaske cikin ba mutum ɗaya aikin bin mutum ɗaya, mun sani. Bayan abin kunyar Watergate Majalisa ta yi doka a 1978 ta kafa mai bincike mai zaman kansa, wanda alƙalai ke naɗawa, Shugaba ba ya iya taɓa shi cikin sauƙi. Kotun Ƙoli ta amince da dokar a 1988, alƙalai 7 suka yarda, ɗaya, Antonin Scalia, ya ƙi, ya yi gargaɗi cewa irin wannan mai bincike ba shi da linzami. Zamani ya ba shi gaskiya. Kenneth Starr ya fara da binciken cinikin fili na Shugaba Clinton a 1994, ya ƙare a 1998 yana leƙen asirin ɗakin kwana. Jam'iyyun biyu suka gaji, suka bar dokar ta mutu a 1999. Amma ku lura, Mueller ba a ƙarƙashin wannan doka aka naɗa shi ba. An naɗa shi ƙarƙashin ƙa'idodin da suka maye gurbinta, masu sa mai bincike a hannun Minista. Masu kukan rashin linzami gawa su ke yi wa faɗa.

Sai kuma su ce, to, ai bai sami kome ba. A nan sai mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa 'yan hamayyar Amurka daɗi ba. Rahoton Mueller, shafi 448, wanda aka fitar ran 18 ga Afrilu 2019, ya ce hujjar da aka samu ba ta kai a tabbatar da cewa mutanen Trump sun ƙulla makirci da gwamnatin Rasha ba. Waɗanda suka shekara biyu suna yi wa jama'a alkawarin za a ga Trump da ankwa sun yi azarɓaɓi, sun kuwa sha kunya. Hausawa na cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma kotu ba ta shari'a da karin magana, kuma daidai ne kada ta yi. Sai dai wannan ɗin ma shaida ce a kan masu kukan farauta. Mafaraucin mayu ba ya dawowa ya ce ban sami maye ba. Wanda aka aika da ƙulli ba ya rubuta da hannunsa cewa hujja ba ta isa ba.

Kuma rashin tabbatar da makirci daban, rashin samun kome daban. An tabbatar Rasha ta sa hannu a zaɓen. An tabbatar Manafort ya miƙa wa wani abokin aikinsa, Konstantin Kilimnik, bayanan ƙidayar ra'ayin masu zaɓe na cikin gidan yaƙin zaɓe. A watan Agusta 2020 kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa, wanda 'yan jam'iyyar Trump ke shugabanta, ya ce wannan Kilimnik jami'in leƙen asirin Rasha ne. Rahoton kuma ya jera wurare wajen 10 inda a ke zaton Shugaba ya nemi toshe bincike. Mafi girma shi ne na watan Yuni 2017, da ya umarci lauyan Fadar, Don McGahn, ya sa a cire Mueller, McGahn ya ƙi, ya ce gara ya ajiye aiki.

Ba za mu ɓoye laifin masu bincike ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Disamba 2019 mai binciken cikin gida na Ma'aikatar Shari'a, Michael Horowitz, ya gano kurakurai da ɓoye-ɓoye 17 cikin takardun da FBI ta kai kotun asiri don ta saurari wayar wani tsohon mai ba Trump shawara, Carter Page, mutumin da har aka gama ba a tuhume shi da kome ba. Wani lauyan FBI, Kevin Clinesmith, ya amsa a 2020 cewa ya sauya kalmomin wata wasiƙa. Wani babban jami'i, Peter Strzok, an kama saƙonninsa yana zagin Trump, Mueller ya cire shi daga aikin tun 2017. Wannan abin kunya ne. Mu 'yan hamayya mun fi kowa sanin ɗacin a ɗauki ɗan sanda a mai da shi bulala, saboda haka ba za mu wanke wanda ya yi wa kotu rufa-rufa ba don kawai wanda aka cuta ba namu ba ne. Amma Horowitz ɗin nan ya ce an buɗe binciken bisa dalili isasshe, bai kuwa sami shaidar cewa ƙiyayyar siyasa ce ta buɗe shi ba. Durham ya yi wajen shekara 4 yana tono, ya rubuta a 2023 cewa FBI ta yi gaggawa, amma mutum 2 da ya kai gaban masu yanke hukunci duka an sallame su a 2022. Zaluncin da aka yi wa Page bai biya harajin Manafort ba, bai kuwa mai da ƙaryar Stone gaskiya ba.

Yanzu mu zo ga gundarin maganar, wanda masu kare fadawa ba su son a taɓa. Tun 1973 lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka suka rubuta ra'ayi cewa ba a tuhumar Shugaba yana bisa mulki, suka sake tabbatarwa a 2000. Wannan ne ya ɗaure hannun Mueller, shi ya sa bai ce Shugaba ya yi laifi ba, bai kuma ce ya wanke shi ba. Ran 1 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, alƙalai 6 bisa 3, ta ƙara da cewa ko ya sauka yana da kariya kan ayyukan da ya yi da sunan ofis. To, mai karatu, ka yi lissafi da kanka. Shugaba ba a taɓa shi. In kuma an ce taɓa na kusa da shi siyasa ce, wa ya rage? Shugaba ba ya ɗaukar jakar kuɗi da kansa, ba ya zuwa ganin jakada da dare, ba ya tsorata mai shaida da bakinsa. Aike ya ke yi. In ɗan aike ma ya haramta ga doka, an kewaye fada da katanga ke nan, duk wanda ya samu ya shige ciki ya tsira, ko me ya ɗauko.

Amurkawa sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. Ran 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum 5 sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate. Fadar Nixon ta ce ƙaramar sata ce, masu tono 'yan siyasa ne. Da mai bincike Archibald Cox ya nemi faifan maganganun da Nixon ya naɗa a ofishinsa, Nixon ya ba da umarni a kore shi, daren Asabar 20 ga Oktoba 1973. Ministan Shari'a Elliot Richardson ya ce ba da hannunsa ba, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus ya bi bayansa. Sai na uku, Robert Bork, ya yi korar. Ƙasa ta ɗauki zafi har tilas aka naɗa wani, Leon Jaworski. Ran 24 ga Yuli 1974 Kotun Ƙoli, alƙalai 8 ba mai saɓawa, 3 daga ciki Nixon ne ya naɗa su, ta ce ya miƙa faifan. Ran 9 ga Agusta ya sauka. Tsohon Ministan Shari'arsa John Mitchell da manyan fadawansa biyu, Haldeman da Ehrlichman, suka shiga kurkuku. Ta hannun fadawa aka kai ga gaskiya, ba ta wata hanya ba. Da an saurari masu cewa siyasa ce a 1973, da Nixon ya gama wa'adinsa ana yi masa kirari.

Abin da ya bambanta zamanin Trump shi ne gafara. Tsarin mulki ya ba Shugaba ikon yafe laifin tarayya, ba mai hana shi, wannan ba mu musa ba. Amma ku dubi yadda aka raba ta. Washegarin da aka sami Manafort da laifi Trump ya fito ya yaba masa don ya ƙi karyewa. Manafort ya yi alkawarin taimakon masu bincike, a watan Fabrairu 2019 alƙali Amy Berman Jackson ta tabbatar ya yi musu ƙarya, har game da Kilimnik. Stone ya rufe bakinsa gam. Lauyoyin gwamnati suka nemi a ɗaure shi shekara 7 zuwa 9, Trump ya yi kuka, manyan Ma'aikatar suka janye wannan buƙata, lauyoyi 4 suka fita daga shari'ar. Alƙali ta ba shi wata 40, ta kuma faɗa masa ba don ya tsaya wa Shugaba aka gurfanar da shi ba, don ya rufa wa Shugaba asiri ne. Ran 10 ga Yuli 2020, kwanaki kaɗan kafin ya shiga gidan yari, Trump ya ɗage masa ɗaurin. Flynn ya nemi ya janye amsa laifinsa, Ma'aikatar Barr ta nemi a kashe ƙarar, ran 25 ga Nuwamba 2020 aka yafe masa. Ran 23 ga Disamba aka yafe wa Manafort da Stone gaba ɗaya. Gates kuwa, wanda ya tsaya a kotu ya yi shaida kan Manafort da Stone, bai sami gafara ba. Cohen, wanda ya je Majalisa a 2019 ya fasa ƙwai, bai samu ba. Ko yaro ya ga wannan rabo ya san darasin da a ke koya wa bafaden gobe.

Kada a ce Trump kaɗai muka sa gaba. Bush babba, ran 24 ga Disamba 1992, ya yafe wa tsohon Ministan Tsaro Caspar Weinberger da mutum 5 cikin rikicin sayar wa Iran makamai, ana gab da fara shari'ar da mai yiwuwa a kira shi kansa shaida. Ministan Shari'arsa a lokacin kuwa wannan William Barr ɗin ne. Clinton a ranarsa ta ƙarshe a 2001 ya yafe wa Susan McDougal, wadda ta gwammace kurkuku da ta yi shaida a kansa, ya haɗa da ƙaninsa. Biden ya yi ta cewa ba zai yafe wa ɗansa Hunter ba, ran 1 ga Disamba 2024 ya yafe masa, yana cewa siyasa ce ta sa aka bi yaron, watau waƙar Trump ɗin nan da ya daɗe yana kushewa. Assha! Kowanne in abin ya zo ƙofarsa sai ya gano shari'a siyasa ce.

In kuwa ana son a ga yadda shari'ar siyasa ta gaske ta ke, ba sai an yi nisa ba. A watan Satumba 2025 babban lauyan gwamnati na gabashin Bajiniya, Erik Siebert, ya bar kujerarsa bayan Trump ya ce a fili yana so a cire shi. Ran 20 ga watan Trump ya rubuta wa Ministar Shari'arsa, Pam Bondi, saƙo a bainar jama'a, ya ambaci Comey da waɗansu abokan gabarsa da sunayensu, yana neman a gurfanar da su ba jinkiri. Aka ɗora Lindsey Halligan, tsohuwar lauyarsa ta kansa, wadda ba ta taɓa gabatar da ƙarar laifi ba, bisa kujerar Siebert. Ran 25 ga Satumba aka tuhumi Comey. Ran 24 ga Nuwamba 2025 wata alƙali ta kori ƙarar, dalilinta kuwa shi ne naɗin Halligan bai bi doka ba.

Naɗi ba bisa doka ba, jama'a! Hujjar nan da suka shekara suna jifan Mueller da ita, kotu ta ƙi karɓa. Malaman da suka cika jaridu a 2018 suna koya mana bambancin babban ma'aikaci da ƙarami, da masu maimaita karatunsu a majalisunmu na nan gida, muna roƙonsu su nuna mana saƙo ɗaya da wani shugaban 'yan hamayya ya aika wa Rosenstein ya ce kama mini Manafort, Rosenstein kuwa ya bi. Shafin nan a buɗe ya ke, in sun kawo za mu buga.